Babi na 7: Haske a Maimakon Waya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran kwamfuta yana kallo an kwance ta, ko ya ga hoton manyan ɗakunan da kamfanoni irin su Google da Facebook ke jibge injunansu, da wuya wannan tambaya ba ta zo masa a rai ba. A zamanin da mutum zai zauna a Damagaram ya yi hira da ɗan'uwansa da ke Jidda yana ganin fuskarsa, babu ko zare tsakanin wayar hannunsa da hasumiyar sadarwa, me ya sa ita kwamfuta cikinta cike yake da wayoyi? Me zai hana sassanta su yi magana da juna ta sarari, yadda rimot ke yi wa talabijin magana?

Tambayar ba ta yara ba ce. Manyan masana sun shafe fiye da shekara 40 suna kokawa da ita, an kashe dukiya mai yawa, an yi nasara a wasu wurare, an sha ƙasa a wasu. Kafin mu je ga amsar, sai mun fara gane abin da ke damun kwamfutar zamani, domin ba shi ne abin da yawancin mutane ke zato ba.

Ina matsalar take?

A 1971 kamfanin Intel ya fitar da cif mai suna 4004, wani ɗan guntun silikon da ke ɗauke da taransista 2,300. Taransista ita ce makunnin da kwamfuta ke lissafi da shi: in a kunne take, 1 ke nan, in a kashe, 0. A 2022 kamfanin Nvidia ya fitar da cif ɗinsa H100 mai taransista biliyan 80. Ta fuskar lissafi ke nan, an yi nisan da ba a taɓa tsammani ba.

Amma lissafi rabin aikin ne. Kafin cif ya haɗa lamba biyu, sai an ɗauko masa su daga ma'ajiya. In ya gama, sai an kai amsar wani wuri. A manyan injunan da ke koyar da ƙirƙirarriyar basira kuwa, cif ɗaya ba ya isa. Dubbai ake haɗawa, kuma kowane ɗan lokaci sai sun tsaya sun yi musayar abin da kowa ya samu kafin su ci gaba.

Ka ɗauki kasuwa irin Kantin Kwari a Kano. Ka ce rumfunanta sun ninka sau dubu, kowane ɗan kasuwa ya ƙware yana gama ciniki kafin ƙiftawar ido, amma ƙofofin kasuwar da lungunanta suna nan yadda suke. Ƙwarewar 'yan kasuwar ba za ta amfane su ba, tunda dilar atamfa tana can maƙale a bakin ƙofa a kan ɗan dako. Halin da kwamfutar yau take ciki ke nan: masu lissafi sun yi yawa, hanya ta yi kaɗan.

Ba lokaci kaɗai ake asara ba, har da wuta. A 2014 Mark Horowitz na Jami'ar Stanford a Amurka ya gabatar da alƙaluman da suka yaɗu sosai a tsakanin injiniyoyi, waɗanda suka nuna cewa ɗauko lamba daga ma'ajiyar da ke wajen cif yana cin wutar da ta ninka ta haɗa lambobi biyu fiye da sau 1,000. Wato zafin da kake ji a gindin laftof ɗinka, kaso mai tsoka nasa ba na tunani ba ne, na dako ne. In aka tara wannan a duniya baki ɗaya, abin ya zama babba: Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024.

Laifin jan ƙarfe

Wayoyin cikin kwamfuta na jan ƙarfe ne, ko dai zare-zare, ko kuma siraran layukan da ake shimfiɗawa a kan koren allon nan. Jan ƙarfe ya yi wa ɗan Adam hidima tun zamanin tangaraho, kuma yana da arha da sauƙin sarrafawa. Aibinsa uku ne, kuma dukkansu suna tsananta ne idan aka nemi sauri.

Na farko, kafin ka aika 1 ta cikin waya, sai ka cika wayar da caji tun daga wannan kai har wancan, sannan ka zubar da cajin kafin ka aika 0. Iya tsawon waya, iya wutar da za ta sha a kan kowane saƙo. Na biyu, in saƙonni suka riƙa bin juna da sauri sosai, lantarki yakan daina bi ta tsakiyar waya ya koma bin fatarta kawai, sai hanyar ta ƙara ƙunci, saƙon ya isa a galabaice, 1 da 0 sun cakuɗe. Na uku, duk wayar da lantarki ke kai-komo a cikinta tana taɓa maƙwabciyarta ko da ba su haɗu ba. Wanda ya yi zamani da tsohuwar wayar tarho ta gida zai tuna yadda wani lokaci akan jiyo muryar wasu can ƙasa-ƙasa a kan layinsa. Abin nan ne dai yake faruwa a cikin kwamfuta, sai dai sau biliyoyi a daƙiƙa.

Mai karatu zai ce, to a ƙanƙantar da wayoyin mana a ƙara yawansu, yadda aka yi wa taransista. A nan ne David Miller da Haldun Ozaktas suka kawo wani bayani a 1997 da ya kashe wa mutane da yawa gwiwa. Sun nuna cewa yawan saƙon da wayoyi za su iya ɗauka ya dogara ne a kan kaurinsu idan aka gwada shi da tsawonsu. In ka ninka tsawon waya sau 2, abin da za ta ɗauka zai ragu sau 4. In ka ƙanƙantar da komai daidai wa daida, ko ka girmama komai, ba abin da ya sauya. Taransista tana ƙara kyau in ta ƙanƙance, waya kuwa ba ta yi.

Ba maganar gudu ba ce

Akwai wata fahimta da ta zama ruwan dare, cewa ana son haske ne don ya fi lantarki gudu. Ya kamata mu kawar da ita tun yanzu. Haske yana cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa a sarari, wato kusan santimita 30 a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Saƙon lantarki a cikin kebur mai kyau yana yin kusan kashi biyu bisa uku na wannan gudun, kuma haka hasken da ke bi ta zaren gilashi, wanda muke kira faiba, yake yi. Haske a sarari ya fi su duka, amma tazarar ba ta kai a rushe masana'anta a sake gini saboda ita ba.

Amfanin haske na gaskiya a wani wuri yake. Ba ya buƙatar a cika masa hanya da caji. Abin da ake nema kawai shi ne ɗan hasken da zai isa ya tada na'urar da ke jiransa a wancan gefe, ko tazarar taku ɗaya ce ko taku ɗari. Saurin kunnawa da kashewa ba ya galabaitar da shi a hanya yadda yake yi wa lantarki. Sai kuma babbar baiwarsa, wadda ita ce ƙashin bayan wannan babi.

Abin da Ibnul Haisam ya gani

Kusan shekara 1,000 da suka wuce, Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya bayyana wani gwaji a littafinsa Kitabul Manazir. Ya jera fitilu a wurare daban-daban a gaban wata 'yar kafa da ke buɗewa zuwa wuri mai duhu. Sai ya ga a bangon ciki kowace fitila ta yi nata ɗigon haske daban. In ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa, sauran suna nan. Duk hasken ya bi ta kafa guda a lokaci guda, amma bai cakuɗe ba.

Kowa zai iya maimaita wannan da tocila biyu a tsakar gida da dare. Ka gicciya haskensu, kowanne zai wuce ta cikin ɗan'uwansa ya sauka inda aka nufa da shi, bai ragu ba, bai karkace ba. Wayoyin lantarki biyu kuwa in suka haɗu tsirara, tartsatsi ne da ƙauri. Shi ya sa allon kwamfuta ke da hawa-hawa a cikinsa, a manyan injuna har fiye da 20, domin duk inda layi zai tsallake layi sai an gina masa tasa gadar sama. Haske ba ya buƙatar gada. Dubban zirin haske za su iya ratsa wuri ɗaya, kowanne ɗauke da nasa saƙo.

Akwai ƙari. Ka duba kyamarar wayar hannunka. Ƙwayar gilashin da ke gabanta ba ta kai ƙwayar wake ba, amma tana kwaso haske daga miliyoyin ɗigo na abin da kake ɗauka, ta ajiye kowanne a daidai gurbinsa a kan allon da ke bayanta, duk a lokaci ɗaya. In da da waya za a yi wannan aiki, da sai an ja miliyoyin wayoyi. To ka ɗauka a maimakon fuskar mutum, cif ne a gaban ƙwayar gilashin, fuskarsa cike da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa, a bayanta kuma wani cif ne mai ƙananan idanu daidai adadin fitilun. Ƙwayar gilashi ɗaya ta haɗa su ke nan ta hanyoyi dubbai, ba waya ko ɗaya. Wannan shi ake nufi da haɗin haske ta sarari. Ko zaren faiba bai da wannan dama, domin shi ma zare ne, sai an ja shi, an lanƙwasa, an soka kowanne a raminsa.

Yadda ake aika saƙon

Abubuwa uku ake buƙata: mai fitar da haske, mai shiryar da shi, da mai karɓarsa.

Mai fitarwa leza ce. Theodore Maiman ne ya kunna leza ta farko a 1960, a 1962 kuma aka samu irin wadda ake yi da sinadaran cif. Sai dai waɗannan na farko ta gefe suke fitar da haske, don haka ba a iya jera su birjik a fuskar cif. Kenichi Iga na Cibiyar Fasaha ta Tokyo a Japan ne ya yi tunanin wata iri a 1977 wadda ke harba haskenta sama, tsaye daga fuskar cif. Ana kiran ta VCSEL. A 1989 Jack Jewell da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa za a iya dasa fiye da miliyan ɗaya a kan cif guda. Yau wannan leza ta shiga hannun kowa: tana cikin linzamin kwamfuta iri-iri, kuma ita ce ke haska fuskar mai iPhone don wayar ta gane shi, tun daga samfurin 2017.

Mai shiryarwa shi ne ƙwayoyin gilashi da madubai. Dole ne a sa su, domin haske yana bazuwa in ya yi tafiya, kuma iya sirantar zirin a farko, iya saurin bazuwarsa. Saboda haka akan ɗora wa kowace leza 'yar ƙwayar gilashinta da za ta miƙar da hasken, a wancan gefe kuma wata ta sake tattara shi. Mai karɓa kuwa ɗan ido ne na lantarki: haske ya sauka a kansa, ya saki caji, cif ya karanta 1, bai sauka ba, 0.

Ƙaramin misalin wannan yana cikin caja da yawa na wayar hannu da na laftof. Akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa huɗu da masu gyara suka sani. A cikinsa fitila ce da ido suna fuskantar juna, ba ƙarfen da ya haɗa su. Ta haka ɓangaren da ke taɓa wayarka yake gaya wa ɓangaren da ke shan wutar gida ya ƙara ko ya rage, ba tare da babbar wutar ta samu hanyar tsallakowa ba. Saƙo ɗaya ne a kan hanya ɗaya, amma asalin dabarar ke nan.

Mafarkin Bell Labs

Tunanin ɗora saƙo a kan haske ya girmi kwamfuta. A 1880 Alexander Graham Bell da mataimakinsa Charles Sumner Tainter sun aika murya a kan hasken rana tazarar mita 200 da 'yan kai a birnin Washington. Amma wanda ya shigo da maganar cikin kwamfuta da gaske shi ne Joseph Goodman na Stanford, wanda shi da abokan aikinsa uku suka wallafa wata maƙala a 1984 suna cewa ranar tana tafe da wayoyi za su zama tarnaƙin cif, kuma haske ne mafita.

Daga nan aka shiga shekarun zumuɗi. A ɗakunan binciken Bell Labs na kamfanin AT&T, David Miller ya ƙirƙiro wata na'ura mai suna SEED wadda haske ke iya kunnawa da kashewa. A 1990 Alan Huang da tawagarsa suka nuna wa duniya wani inji da ke lissafi da zirin leza, jaridu suka ɗauka cewa kwamfutar haske ta iso. Jami'ar Heriot-Watt a Sikotilan da Jami'ar McGill a Kanada su ma sun gina injunan gwaji da ke haɗa allo da allo ta sarari.

Kwamfutar haske ba ta iso ba, kuma dalilin yana cikin gwajin Ibnul Haisam. Lissafi yana buƙatar wani abu ya taɓa wani ya sauya shi: wannan saƙo ya buɗe wa wancan ƙofa ko ya rufe. Lantarki gwani ne a nan, domin cajinsa kullum cikin ture juna yake. Haske kuwa ba ruwansa da ɗan'uwansa. Halin da ya sa ya fi kowa iya dako shi ne ya hana shi iya lissafi cikin sauƙi. A ganina babban darasin wancan zamani ke nan, kuma waɗanda suka gane shi da wuri, har da Miller kansa, su ne aikinsu ya ɗore: a bar wa taransista lissafi, a ba haske ɗaukar kaya.

Inda gizo ke saƙa

To ko a dakon ma, me ya sa har yau ba mu ga zirin leza na kai-komo a cikin laftof ba? Amsar kalma ɗaya ce: saiti.

Waya in ka soka ta a raminta, magana ta ƙare. Ka girgiza injin, ka kifa shi, saƙo zai bi ta inda ƙarfe ya bi. Haske a sarari ba shi da linzami. Idon da zai sauka a kai sau da yawa bai kai kaurin gashin kai ba, kuma in ya kauce kaɗan, ko dai saƙon ya ɓata, ko ya faɗa idon maƙwabci, wanda ya fi muni.

Mu yi ɗan lissafi. Sandar alminiyom mai tsawon mita ɗaya tana ƙara tsawo da kusan maikromita 23 duk lokacin da zafinta ya hau da digiri ɗaya. Maikromita kashi ɗaya ne bisa dubu na milimita. In firam ɗin da ke riƙe da cif biyu ya kai santimita 10, kuma injin ya ɗumama da digiri 30 bayan an kunna shi, firam ɗin zai miƙe da kusan maikromita 70. Wannan ya kai kaurin gashi, kuma ya isa ya kautar da saitin da aka sha wahalar yi da safe. Ga kuma fankoki da ke kaɗa injin dare da rana. Ga ƙura, wadda ƙwaya ɗaya tata za ta iya toshe hanya guda. Mu da muka san yadda hazon hunturu ke shiga har cikin akwatin da aka kulle ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Dukkan waɗannan suna da magani: a rufe hanyar hasken ruf a cikin gilashi ko akwati, a zaɓi kayan da zafi bai cika miƙar da su ba, a sa na'urar da ke gyara saiti da kanta. Amma kowane magani kuɗi ne. A masana'antar da ke buga alluna miliyoyi da injin da ke manna sassa cikin daƙiƙa, abin da sai an zauna an saita shi a hankali ba ya samun kasuwa.

Akwai kuma kuɗin shiga da na fita. Kowane saƙo sai an juya shi daga lantarki zuwa haske, sannan a mai da shi lantarki, kuma kowace juyawa tana cin wuta. In tafiyar doguwa ce, riba ta rufe wannan. In gajeriya ce, an yi asara. Shi ya sa jan ƙarfe ya ƙi mutuwa. A 2009 Intel ya nuna wata fasahar haɗa kwamfuta da na'urori ta haske mai suna Light Peak. Da ta fito kasuwa a 2011 da sunan Thunderbolt, da jan ƙarfe ta fito. A 2024 ma, da Nvidia ya haɗa manyan cif 72 a kabad ɗaya, da keburan jan ƙarfe kusan 5,000 ya haɗa su, shugaban kamfanin Jensen Huang kuma ya bayyana cewa da haske aka yi amfani da shi, da na'urorin juyawa kaɗai sun ƙara cin wat 20,000.

Madubai 136

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce dabara ce mai kyau da ba ta yi rabo ba. Amma a 2022 Google ya bayyana cewa ya shafe shekaru yana amfani da haske ta sarari a cikin cibiyoyin bayanansa, a wurin da mutane kaɗan suka sa ido.

A irin waɗannan cibiyoyi, kabad-kabad na kwamfutoci suna haɗuwa da juna ta zaren faiba, zarurrukan kuma suna taruwa a wata na'ura da za mu kira mararraba, wadda ke duba kowane saƙo ta tura shi inda ya dace. Mararraba ta gargajiya ta lantarki ce: haske ya shigo, a mai da shi lantarki, a karanta adireshi, a sake mai da shi haske, ya fita. Aiki ne mai cin wuta, kuma duk lokacin da aka ƙara saurin sadarwa sai an sayi sabuwar mararraba.

Ita na'urar Google, wadda suka sa wa suna Palomar, ba ta karanta komai. Zare 136 ne ke shiga, 136 ke fita. Haske ya fito daga bakin zare ya shiga sararin da ke cikin akwatin, ya sauka a kan wani ɗan mitsitsin madubi da aka sassaƙa daga silikon, wanda lantarki ke iya karkatar da shi ta kowace fuska. Madubin ya cilla shi ga wani madubi a jeri na biyu, shi kuma ya zura shi a bakin zaren da ake so. Zirin haske fiye da ɗari suna gicciya juna a cikin akwati ɗaya, ba wanda ya san da wani.

Ka lura da yadda suka bi da matsalolin da muka lissafa. Akwatin a rufe yake. Tazarar gajeriya ce. Saitin kuma ba a bar shi ga ƙarfin firam ba: akwai wani haske na daban da ke bin hanyar madubai, kyamara tana kallonsa, na'ura tana gyara karkatar kowane madubi a kai a kai. A kowane jeri ma madubai 176 suke ƙerawa, su zaɓi 136 mafiya kyau. Wutar da akwatin gaba ɗaya yake ci ba ta wuce wat 108 ba. Kuma tunda madubi ba ruwansa da saurin ƙyaftawar hasken da ya sauka a kansa, in aka sauya na'urorin da ke bakin zare da masu sauri, akwatin yana nan yana aiki. Google ya ce sabon tsarin sadarwarsa da ya ƙunshi waɗannan akwatuna ya rage shan wuta da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuɗin gini kuma da kusan kashi 30.

Dabarar madubin ba Google ne ya fara ta ba. Kamfanin Lucent ya fito da irinta don layukan tarho a wajejen 2000, sai kasuwar sadarwa ta rushe a daidai lokacin. Abin da Google ya yi shi ne samo mata aikin da ya dace da ita. A babban injinsa na ƙirƙirarriyar basira mai suna TPU v4 akwai cif 4,096, an kasa su rukuni 64, kowane rukuni cif 64. Akwatunan madubi 48 ne ke haɗa rukunan. In wani aiki yana son a jera su ta wata siga, sai a juya madubai. In rukuni ɗaya ya lalace, sai a kewaye shi aiki ya ci gaba, ba sai ma'aikaci ya je ya zare kebur ya soka wani ba.

Tana da nata rauni. Madubi abu ne mai jiki, juya shi yana ɗaukar 'yan kashi bisa dubu na daƙiƙa, wanda a wurin kwamfuta dogon zama ne. Don haka ba a juya shi don kowane saƙo. Ana shimfiɗa hanya ne a bar ta ta daɗe. Duk da haka, a wurina wannan ita ce nasara mafi girma da haske ta sarari ya samu a cikin kwamfuta, kuma ya same ta ne a daidai wurin da ya fi kowa: inda hanyoyi da yawa za su tsallake juna.

Madubi a rufin ɗaki

Wasu sun so su wuce nan, su cire zaren gaba ɗaya. A 2014 masu bincike, akasarinsu daga Jami'ar Stony Brook a Amurka, sun gabatar da tsarin FireFly: a ɗora leza a kan kowane kabad, a shimfiɗa madubi a rufin ɗakin, kabad ya harba haske sama ya dawo kan wanda yake son magana da shi. A 2016 masu binciken Microsoft suka kawo ProjecToR, wanda ya ari allon ƙananan madubai irin na cikin majigin zamani, ya rataye wani dunƙule mai fuskokin madubi da yawa a sama, ta yadda kabad ɗaya zai iya nufar dubban wurare. An gwada su a ƙaramin mataki sun yi aiki, amma ɗaki ba akwati ba ne. Akwai ƙura, akwai girgiza, akwai iska mai zafi da mai sanyi da ke gauraya suna karkatar da haske, akwai ma'aikacin da zai gifta da tsani.

A waje kuwa, tsakanin gini da gini, dabarar tana aiki yau. A 2021 shirin Taara, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Alphabet, uwar kamfanin Google, ya haɗa Brazzaville da Kinshasa da zirin haske a kan Kogin Kwango, tazarar kusan kilomita 5, ya kuma ɗauki bayanai kusan terabait 700 cikin kwana 20. Duk mai son kawo irin wannan ƙasar Hausa, wajibi ne ya fara auna shi da watannin hunturu, lokacin da hazo kan hana jirgin sama sauka a Kano, domin abin da ya tare ido zai rage wa leza ƙarfi.

Tambayar da ta rage ita ce ta ɗan tsakanin nan, daga cif zuwa cif, inda jan ƙarfe ya fara gazawa amma haske bai gama araha ba. Miller da wasu suna nan a kan cewa in ana son hanyoyi dubbai daga fuskar cif ɗaya, ƙarshenta sai an koma ga ƙwayar gilashi da sarari, kuma ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi. Sai dai manyan kamfanoni a yanzu wata hanya suka fi zuba kuɗi a kai: maimakon a saki haske a sarari a yi ta fama da saiti, a sassaƙa masa 'yan hanyoyi a cikin silikon ɗin kansa, da injunan da ake buga taransista da su. Yadda ake tsare haske a cikin hanyar da ba ta kai kashi ɗaya bisa ɗari na kaurin gashi ba, da dalilin da ya sa silikon ke iya ɗaukar haske amma ya kasa haifar da shi, su za mu duba a babi na gaba.